Hijirar Masana Taurari: Yadda Duhun Dare Ya Koma Dukiyar Ƙauye

A shekarar 1675 Sarki Charles na Biyu na Ingila ya ba da umarni a gina gidan nazarin taurari a kan wani tudu da ke Greenwich, ƙaramin gari a bakin kogin Thames wanda tazararsa da tsakiyar Landan ba ta kai kilomita goma ba. Abin da ya motsa sarkin shi ne matsalar jiragen ruwa. Matuƙan Ingila suna ɓata a teku saboda ba su da tabbatacciyar hanyar sanin nisan da suka yi gabas ko yamma, aka kuwa yi fatan cikakkiyar taswirar taurari da ta tafiyar wata za ta warware musu wannan. Aka naɗa John Flamsteed ya zama masanin taurarin fada na farko. Ya shafe shekara arba'in da huɗu a kan tudun nan yana auna matsayin taurari ɗaya bayan ɗaya, har ya tara kusan 3,000 a kundinsa.

An zaɓi Greenwich ne domin tana wajen gari, nesa da hayaƙin Landan, ga tudu, ga fili mallakar sarki. Shekara 273 bayan haka, a 1948, magadan Flamsteed suka fara kwashe kayan aikinsu daga wurin, saboda birnin da aka guje wa ya biyo su har gida, ya zagaye su, ya shafe musu sama. Abin da ya same su ya sami takwarorinsu a Amurka da Masar da Afirka ta Kudu. Tarihin ilimin falaki a ƙarni na ashirin, ta wata fuska, tarihin hijira ne daga inda jama'a suka cunkushe zuwa inda suka ƙaranta. A cikin wannan hijira ne duhun dare, wanda a da kowa yake da shi kyauta, ya zama abin da ake tafiya nema, ake ƙayyade shi da doka, ake kuma jayayya a kan wanda ya mallake shi.

Lokacin da duhu yake na kowa

Kafin zuwan fitilun titi, bambancin samaniyar birni da ta ƙauye kaɗan ne. Mutum mai lafiyar ido, a daren da babu farin wata kuma babu gajimare, yana iya ganin taurari tsakanin 2,000 da 3,000 a lokaci guda. Yana kuma ganin farin zirin nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama daga gefe zuwa gefe, wanda Larabawa suke kira Majarra, Turawa kuma suke danganta shi da madara. Zirin nan hasken biliyoyin taurari ne na garken da rana take ciki, waɗanda nisa ya hana ido rarrabe su.

Sama a wancan zamani kalanda ce, agogo ce, kuma alƙibla ce. Al'ummu da yawa sun ɗora lissafin noma da tafiya a kanta, ƙasar Hausa ma tana cikinsu. Sunaye irin su Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba, da Kaza da 'ya'yanta, shaida ce ta mutanen da suka san sama sanin maƙwabtaka. Malamai sun riƙe lissafin taurari ashirin da takwas da aka gado daga Larabawa, kowanne da kwanakinsa goma sha uku, irin su Surayya da Dabaran da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, manoma suna tambayarsu wane tauraro ake ciki don su san matsayin damina. Madugan ayarin gishiri kuwa da taurari suke daidaita hanya a hamadar da ke tsakanin Agadas da Bilma. Duk wannan ilimi yana da sharaɗi ɗaya da ba a ko ambatonsa don ba a taɓa tunanin za a rasa shi ba, wato dare ya kasance mai duhu.

Fitila ta shigo gari

Birane ba su haskaka titunansu don ƙiyayya da taurari ba. Bahaushe ya ce dare rigar mugu, hukumomin Turai ma haka suka gani. A 1667 Sarki Louis na Goma Sha Huɗu ya sa aka rataya dubban fitilun kyandir a titunan birnin Paris, ƙarƙashin kulawar shugaban 'yan sandansa, domin a rage fashi da kisa. Hasken kyandir da na mai ba su da ƙarfin da za su taɓa sama. Al'amarin ya fara sauyawa da zuwan iskar gas, wadda aka fara haskaka titin Pall Mall na Landan da ita a 1807, sannan ya sauya baki ɗaya da zuwan lantarki. A 1878 aka kunna fitilun lantarki masu tsananin haske a wani babban titin Paris, a 1882 kuma Thomas Edison ya buɗe tashar wutarsa a titin Pearl na New York.

A daidai wannan lokaci biranen suna kumbura. Landan tana da mutum kimanin miliyan ɗaya a 1801, ta haura miliyan shida a 1901. Kowane sabon gida yana ƙona kwal, kowace sabuwar unguwa tana neman fitila. Hayaƙi da haske suka haɗu a kan Greenwich, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi, domin ƙurar hayaƙin ita ce take kama hasken fitilu ta warwatsa shi a sama.

Abin mamakin shi ne, darajar Greenwich ta kai ƙololuwa a lokacin da samaniyarta take lalacewa. A 1884 wani taron ƙasashe a Washington ya amince layin da ya ratsa gidan ya zama mafarin lissafin gabas da yamma na duniya, wanda daga gare shi ne aka sami agogon GMT. Amma a farkon ƙarni na ashirin sai ga tashar lantarki an gina kusa da ƙasan tudun don ciyar da taragwan birni, har sai da masanan suka kai ƙara aka rage tsawon wasu bututun hayaƙinta. A 1924 aka ɗauke sashen auna maganaɗisun ƙasa zuwa ƙauyen Abinger, saboda layukan dogo masu aiki da lantarki suna rikita na'urorinsa. Hayaƙi yana dusar da madubai, taurari marasa ƙarfin haske suna ɓacewa daga hotuna.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Harold Spencer Jones, wanda yake shugabantar gidan, ya jagoranci ƙaura zuwa tsohuwar fadar Herstmonceux a karkarar Sussex, kimanin kilomita 80 kudu da Landan. An fara a 1948, aka kammala a 1957. A can aka kafa babban madubin hangen nesa mai faɗin inci 98 da aka sa wa sunan Isaac Newton, Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi a 1967. Shekara goma sha biyu kawai ya yi. Gajimaren Ingila ya yi yawa, fitilun garin Eastbourne da maƙwabtansa kuma suna ƙaruwa. A 1979 aka kwance shi, aka yi masa sabon madubi, aka kai shi tsibirin La Palma na ƙasar Sifaniya, a tekun Atlantika daura da gaɓar Afirka, inda ya koma aiki a 1984 a kan dutse mai tsawon kusan mita 2,400. Cikin shekaru ƙasa da arba'in masanan Ingila suka tashi daga gefen birni zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa ƙolin dutse a wata ƙasa. A 1998 aka rufe hukumar da Flamsteed ya fara. Ginin Greenwich yanzu gidan tarihi ne.

Yaƙin da ya kashe fitilun Los Angeles

Babu inda aka ga tasirin hasken birni a fili kamar a Dutsen Wilson na jihar Kaliforniya. George Ellery Hale ya kafa gidan nazarin taurari a kansa a 1904, a tsawon kimanin mita 1,740. Los Angeles da ke shimfiɗe a ƙasansa gari ne mai mutum 102,000 a ƙidayar 1900. Da alfadarai ake hawa da kaya ta wata siririyar hanya, ɗaya daga cikin masu kora su kuwa, Milton Humason, ya zama mai shara a gidan, daga bisani ya zama ɗaya daga cikin gwanayen ɗaukar hoton sama na zamaninsa. A 1917 aka kammala madubi mai faɗin inci 100, wanda ya fi kowanne girma a duniya har tsawon shekara talatin.

Da wannan madubi ne Edwin Hubble ya gano a 1923 cewa ɗan farin tabon da ake kira Andromeda wani garken taurari ne mai zaman kansa, can nesa da namu garken na Majarra. A 1929, da taimakon awon da Humason ya yi, ya nuna cewa garkunan taurari suna nesanta da juna, wanda ya fi nisa ya fi gudu. Ma'ana, sararin samaniya yana ta buɗewa. A shekarar da ta biyo baya ƙidaya ta nuna Los Angeles ta haura mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Tekun fitilu ya malale kwarin da ke ƙasan dutsen.

Sai yaƙi ya zo. Bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor a Disambar 1941, hukumomi suka umarci garuruwan gaɓar yammacin Amurka su rage fitilunsu don gudun hari. Yawancin masanan Dutsen Wilson suka tafi aikin yaƙi. Wanda ya rage shi ne Walter Baade, Bajamushe da bai karɓi takardar zama ɗan ƙasa ba, aka sa shi cikin jerin 'yan ƙasar abokan gaba, aka hana shi fita daga gundumar Los Angeles. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki: ga madubi mafi girma a duniya babu mai rububinsa, ga sama ta koma duhu irin na shekarun baya. A 1943 Baade ya yi amfani da gilasan hoto masu kama jan haske, yana barin kowanne a buɗe na sa'o'i, har ya rarrabe taurarin da ke tsakiyar Andromeda ɗaya-ɗaya, abin da ya gagari kowa kafinsa. Daga nan ya fahimci taurari jinsi biyu ne, tsofaffi da sababbi. Wannan fahimta ce ta kai shi ga sanarwar da ya yi a 1952, cewa nisan garkunan taurari ya ninka abin da ake zato sau biyu.

Da yaƙi ya ƙare aka sake kunna fitilu. Babban aiki ya koma Dutsen Palomar, can kudu, inda aka buɗe madubi mai inci 200 a 1948. A tsakiyar shekarun 1980 hukumar da ke kula da Dutsen Wilson ta rufe madubin Hubble, ta mai da ƙarfinta ga duwatsun ƙasar Chile. Sau ɗaya kuma birnin ya sake ganin samaniyarsa ba shiri. Da asubar 17 ga Janairun 1994 girgizar ƙasa ta katse wutar Los Angeles, mutane suka fito waje cikin duhu. Ma'aikatan gidan nazarin taurari na Griffith sun ba da labarin cewa an yi ta bugo musu waya ana tambayar abin da ya sa sama ta sauya kama. Taurarin da suke nan kullum ne mutanen suka gani a karon farko.

Lissafin nisa da yawan jama'a

Yadda hasken birni yake shafe taurari abu ne mai sauƙin fahimta. Wani kaso na hasken kowace fitila yana tashi sama kai tsaye, wani kuma yana dukan ƙasa da bango ya koma sama. A can yana karo da ƙwayoyin iska da ƙura da tururi, ya warwatsu, wani ya dawo ƙasa. Sai sama ta yi fari-fari, duk tauraron da haskensa bai fi nata ba ya nutse a ciki. Majarra ce take fara tafiya, sannan ƙananan taurari, har a tsakiyar manyan birane a wayi gari 'yan gomomi kaɗai suka rage. Ido ma yana da nasa sharaɗi: yana buƙatar minti ashirin zuwa talatin cikin duhu kafin ya buɗe sosai, fitila ɗaya mai ƙarfi kuwa tana rushe wannan shiri cikin daƙiƙa.

A shekarun 1970 Merle Walker, masani a gidan nazarin taurari na Lick, ya auna hasken garuruwan Kaliforniya daga nisa daban-daban. Ya gano cewa hasken da gari yake zubawa a sama yana tafiya da yawan mutanensa, yana kuma raguwa da sauri idan aka nesanta: wanda ya ninka nisansa da gari sau biyu, hasken da ke kansa zai ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin shida. Wannan shi ya sa taswirar duhun dare take kama da taswirar yawan jama'a da aka juya. A 2001 John Bortle ya fitar da ma'auni mai matakai tara don kwatanta samaniyar wurare, daga mataki na ɗaya, inda Majarra take da hasken da har takan yi inuwa, zuwa na tara, wato tsakiyar birni.

Jama'ar duniya kuwa suna ta gangarowa zuwa ƙarshen ma'aunin. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna kashi 30 cikin ɗari na mutane ne suke zaune a birane a 1950. Wajen 2007 aka kai rabi, a 2018 aka kai kashi 55. Taswirar hasken dare ta duniya da Fabio Falchi da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ta nuna sama da kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya suna ƙarƙashin samaniyar da fitilu suka gurɓata, kuma sulusin 'yan Adam ba sa iya ganin Majarra daga inda suke zaune, ciki har da kashi 60 na mutanen Turai da kusan kashi 80 na mutanen Arewacin Amurka. Wani binciken da Christopher Kyba ya jagoranta, wanda ya fito a 2023, ya tattara rahotannin dubban masu kallon sama daga 2011 zuwa 2022, ya gano hasken sama yana ƙaruwa da kusan kashi goma cikin ɗari kowace shekara. A wannan gudu, yaron da aka haifa inda ake ganin taurari 250 zai ga 100 ne kacal ranar da ya cika shekara goma sha takwas.

Garin da ya yi wa duhu doka

Wani gari a jihar Arizona ya ɗauki wata hanya daban. A 1894 attajiri Percival Lowell ya kafa gidan nazarin taurari a Flagstaff, ƙaramin garin masu yankan katako da makiyaya a kan tudu. A can ne Clyde Tombaugh ya gano duniyar Pluto ranar 18 ga Fabrairun 1930. Tombaugh ɗan manoma ne daga karkarar Kansas, wanda ƙanƙara ta lalata musu amfanin gona ta hana shi zuwa jami'a. Ya koyi sama ne a gonar mahaifinsa, da madubin da ya harhaɗa da tarkacen injinan noma da na tsohuwar mota, zanen da ya aika wa masanan Lowell kuma shi ya sama masa aiki. Duhun ƙauye shi ne makarantarsa ta farko.

A 1958, da masanan suka koka, majalisar garin Flagstaff ta haramta manyan fitilun talla masu harba haske sama. Ana ɗaukar wannan a matsayin dokar farko a duniya da aka yi don kare duhun dare. Tucson, babban birnin kudancin jihar, ya bi sahu a 1972 domin kare madubai da ke Dutsen Kitt. Ƙa'idojin da suka biyo baya ba su hana kowa kunna fitila ba. Sun dai ce a rufe kan fitila yadda haskenta zai kalli ƙasa, a ƙayyade adadin hasken da za a zuba a kowane fili, a kuma fifita fitilu masu launin rawaya, domin fari mai ratsin shuɗi ya fi warwatsuwa a iska. A 1988 David Crawford, masanin taurari, da Tim Hunter, likita, suka kafa ƙungiyar kare duhun sama ta duniya a Tucson, wadda ta ayyana Flagstaff a 2001 a matsayin gari na farko mai kiyaye duhun dare. A yau garin yana da mutum sama da 70,000, ana kuma iya ganin Majarra daga cikinsa.

Sauran ƙasashe suka ɗauki darasin. A 1988 Sifaniya ta yi dokar kare samaniyar La Palma, wadda ta tsara fitilun waje, ta hana masana'antu masu hayaƙi a saman duwatsun, ta kuma daidaita hanyar jiragen sama. A 2013 Faransa ta wajabta wa shaguna da ofisoshi su kashe fitilunsu a tsakar dare idan babu kowa a ciki. Flagstaff ta gyara lissafin Walker ta wani gefe: yawan jama'a yana da tasiri, amma inda fitilunsu suke kallo ma yana da nasa.

Dajin da ake gudu zuwa cikinsa yana da masu shi

A Afirka ma an yi irin wannan hijira. A Masar an ɗauke gidan nazarin taurari daga Abbasiyya zuwa Helwan a 1903, da Alƙahira ta matso kuma aka gina sabo a Ƙattamiyya cikin hamada, aka buɗe shi a 1964. A Afirka ta Kudu, gidan da Ingila ta kafa a 1820 kusa da Cape Town ya wayi gari a tsakiyar unguwanni. A farkon shekarun 1970 aka kwashe manyan madubai zuwa wani tudu kusa da Sutherland, ƙaramin garin makiyayan tumaki a busasshen yankin Karoo, tafiyar kusan kilomita 370. A 2005 aka buɗe madubin SALT a wurin, wanda aka haɗa da ƙananan madubai 91, faɗinsa ya kai mita goma. A 2007 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta bai wa gwamnati ikon keɓe yankuna don kare su daga haske da igiyoyin rediyo. A 2012 aka ayyana gandun NamibRand na Namibiya a matsayin wurin duhun dare da ake karewa, baƙi suna biyan kuɗi masu yawa don su kwana a can su kalli sama.

Ta haka ƙarancin jama'a, wanda a da ake lissafa shi cikin alamun koma-baya, ya zama jari. Sai dai jarin yana zuwa da tambaya: wa zai ci riba, wa kuma zai ɗauki nauyi? Mutumin ƙauyen da aka ce ya rage fitilarsa saboda masanan da suka zo daga birni yana da haƙƙin ya tambayi abin da zai samu. Wuraren da taswira take nunawa kamar kango galibi gidan wasu ne. Dutsen Kitt ƙasar ƙabilar Tohono O'odham ce, da yarjejeniyar haya aka karɓe shi a 1958. Dutsen Mauna Kea na Hawaii, mai tsawon sama da mita 4,200, wuri ne mai tsarki a wurin 'yan asalin tsibirin, a 2019 kuma dubbansu suka tare hanyar hawa dutsen na tsawon watanni don hana gina sabon madubi mai faɗin mita talatin. Masana da suka gudu daga cunkoson birni sun tarar cewa inda suka je ma sai an yi sulhu da maƙwabta.

Duhun zaɓi da duhun rashi

Taswirar 2016 ta jera ƙasashe daga mafi haske zuwa mafi duhu. Singafo ce a sahun gaba, inda dukan mazauna suke ƙarƙashin samaniyar da ba ta barin ido ya buɗe irin na dare. A ɗaya ƙarshen akwai Cadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Madagaska, inda sama da kashi uku cikin huɗu na jama'a suke ƙarƙashin samaniya mai tsabta. Mai son taurari zai iya ɗaukar wannan a matsayin albishir, amma dalilinsa ba abin murna ba ne. A Cadi kusan mutum ɗaya cikin goma ne yake samun wutar lantarki. A Afirka kudu da Sahara mutum kimanin miliyan 600 ne ba su da ita, fiye da miliyan 80 daga cikinsu a Najeriya. Duhun Flagstaff majalisa ce ta zaɓe shi bayan muhawara. Duhun ƙauyen Sahel kuwa shi ne duhun ɗakin haihuwa da ake haskawa da tocilan, da na ɗalibin da karatunsa yake tsayawa da faɗuwar rana. Babu mai hankalin da zai nemi a dawwamar da shi don baƙi su ga Majarra.

Wutar tana tafe, jama'a kuma suna ta kwararowa birni. Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce kashi 68 cikin ɗari na mutanen duniya za su zauna a birane nan da 2050, kuma Indiya da Sin da Najeriya kaɗai za su ɗauki kashi 35 na ƙaruwar. Fitilun LED masu aiki da hasken rana sun riga sun fara jeruwa a titunan garuruwa da kasuwannin ƙauyuka, akasarinsu farare fat. A yankin da hazon hunturu yake cika iska da ƙura na watanni, duk hasken da ya tsere sama yana da abin da zai warwatsa shi.

Landan da Los Angeles sun kafa fitilunsu kafin a san illar da ke tattare da su, gyara kuwa ya zama sai an cire miliyoyin kawunan fitilu da aka riga aka saya. Yankunan da yanzu ake kai musu wuta suna da damar da waɗancan ba su samu ba, domin an riga an san abin da ake buƙata: fitila mai rufaffen kai da ke kallon ƙasa, mai launi ɗumi-ɗumi, mai ƙarfi daidai da bukata, wadda ake iya rage ta idan dare ya tsala. Irin wannan fitila tana zuba haskenta a kan hanya, inda mai tafiya yake nemansa, hasken da aka hana tashi sama kuwa wuta ce da ba a yi asararta ba. Hukuncin ko jikokin manoman yau za su gane Kaza da 'ya'yanta idan sun ɗaga kai ana yanke shi ne a ofisoshin tsara birane da takardun kwangilar fitilun titi, a layin da aka rubuta siffar kan fitila da launin haskenta.